Yadda Ake Tantance Agogon Ƙwarangwal Kafin a Biya Kuɗi

Tambaya ɗaya ta yi ta zuwa mini daga masu karatu a Samaru da Tudun Wada da Sabon Gari, musamman a makonnin da ke gab da Sallah da kuma lokacin haɗa kayan aure: ta yaya mutum zai gane agogon ƙwarangwal mai kyau, wato irin agogon hannun nan da aka yanke fuskarsa har ana hango injinsa yana motsi, kuma me ya sa wasu suke saya da tsada amma su kasa karanta lokaci a kansa? Amsata a taƙaice ita ce, yawancin masu saye suna farawa da kallon inji, su manta da hannayen agogo, alhali ya kamata a juya tsarin. Ga matakan a jere kamar yadda nake bi, kuma ina roƙon mai karatu ya kiyaye jerin, domin wanda ya fara sa ido a cikin inji da wuya ya iya yanke hukunci na adalci a kan sauran.

Mataki na 1: Haɗa kayan dubawa

Kayan ba su da yawa, kuma babu mai tsada a cikinsu. Ana bukatar ƙaramin madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo da maƙeran zinariya, wanda yake ninka abu sau 10, sai ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, da wayar hannu mai kyamara da tocila, da farar takarda guda ɗaya. Idan da hali ka sa rigar da ka fi yawan fita da ita, domin hannun kaftani mai maɓalli ba ya wuce kan kowane agogo.

Gargaɗi: kada ka tafi duba agogo bayan magariba. Fitilun shago an tsara su ne don ƙarfe ya yi ƙyalli, kuma babu agogon da ba ya kyau a ƙarƙashinsu. Ka tafi da hantsi ko bayan la'asar.

Mataki na 2: Gane irin wanda ke hannunka

Abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya a kasuwa. Na farko shi ne ƙwarangwal na sosai, wanda aka cire fuskar baki ɗaya aka kuma rarake faranti da gadojin da ke riƙe da injin, har haske yana ratsawa daga gaba zuwa baya. Na biyu yana da cikakkiyar fuska, sai dai an huda ƙaramar taga ana hango ƙafar nan mai lilo da ke daidaita tafiyar lokaci. Na uku kuma an ɗora masa fuska ta gilashi, wani lokaci mai ɗan duhu kamar an yi mata hayaƙi, aka rubuta alamun sa'o'i a kanta, injin yana bayyana a ƙasa. Na biyu da na uku sun fi sauƙin karantawa, na farko kuwa shi ne mafi wuya, kuma a kansa ne mafi yawan wannan bayani zai tsaya.

Gargaɗi: sau da yawa ana sayar da mai ƙaramar taga da sunan tourbillon, a ninka masa farashi. Bambancin a fili yake ga mai haƙuri. A tourbillon na gaskiya, kejin da ke ɗauke da ƙafar lilon shi kansa yana zagayawa, galibi sau ɗaya a kowane minti ɗaya. Idan ka zuba ido na rabin minti ka ga ƙafar tana lilo a wuri guda, babu abin da ya zagaya, to taga ce kawai.

Mataki na 3: Karanta lokaci da kallo ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ka ɗaura agogon a hannu, ka sauke hannun, ka kawar da kai, sannan ka ɗaga ka kalle shi na daƙiƙa 2 kacal ka sake kawar da kai, ka faɗi lokacin da ka gani. Idan sai da ka karkata hannu ko ka matso da shi kusa da ido kafin ka gane, agogon ya faɗi gwajin farko. Haka ake duba lokaci a rayuwa ta yau da kullum, a kan babur ko a tsakiyar taro ko a ɗakin jarrabawa, inda mutum ba shi da damar tsayawa yana laluben hannun agogo a cikin tarin ƙarafa.

Sai dai gwaji ɗaya bai isa ba. Kusan duk agogon da ke cikin hoton talla an tsayar da shi ne a wajen ƙarfe 10:10, saboda a nan hannayen biyu suke buɗewa su yi nesa da juna, kowanne ya fito fili. Kai kuma abin da kake nema shi ne wurin da agogon ya fi rauni. Ka roƙi mai shagon cikin ladabi, ka ce: "Alhaji, don Allah a ɗan juya mini shi zuwa ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyu." A ƙarfe 3:16 da 4:22 da 6:33 da 8:44 dogon hannu yana hawa kan gajeren, kuma a nan ne ake gane ko mai zanen ya bambanta su da kyau ta tsawo da faɗi. Bayan haka a kai hannayen kan sashen da injin ya fi cunkoso, inda gangar sifirin, wato gwangwanin da ke ɗauke da sifirin da ke tura injin, take ko inda tayoyi masu haƙora suka taru, a sake gwajin daƙiƙa 2 ɗin. Akwai agogon da yake karantuwa sarai a ɓangaren sama, amma da zarar hannu ya sauko ƙasa sai ya ɓace kamar an share shi.

Na taɓa sayen irin wannan a wani shago shekarun baya, farin ƙarfe a kan farin ƙarfe, kuma ban gane kuskurena ba sai ranar wata Juma'a da na tsaya a rana ina neman sanin ko zan riski huɗuba, na kalle shi har sau uku ban samu amsa ba, sai da na zaro waya. Tun daga ranar ban sake amincewa da agogon da ban yi wa wannan gwaji ba.

Gargaɗi: a cire agogon daga hannu kafin a ja maɓallin wani, wato maɓallin gefe da ake murzawa don wana agogon ko saita lokaci, domin jan sa a karkace yana iya lanƙwasa sandar da ke ciki. Idan kuma agogon yana nuna kwanan wata, kada a yi saurin sauya kwanan alhali hannayen suna tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, saboda a wannan tsakani ne haƙoran sauya kwana suke kame da juna, kuma tilasta su yana karya su.

Mataki na 4: Duba hannayen da kansu

Yanzu sai a nemi dalilin da ya sa agogon ya ci gwajin ko ya faɗi, kuma dalilin kusan kullum yana ga hannaye. Abu na farko shi ne bambancin launi tsakanin hannu da abin da ke ƙarƙashinsa. Haɗin da ya fi aiki guda biyu ne: ko dai a rina gadojin injin su yi baƙi ko toka mai duhu a ɗora musu fararen hannaye ko na ruwan zinariya, ko kuma a bar injin da launin azurfa a ɗora hannaye masu shuɗi mai duhu. Farin hannu mai sheƙi a kan farin inji mai sheƙi kyan ɗan maciji ne, yana ɗaukar ido a cikin akwati, amma ba ya yi wa mai shi aiki.

Akwai dabara mai sauƙi ta tabbatar da wannan. Ka ɗauki hoton fuskar agogon da wayarka, ka mayar da hoton baƙi da fari. Launi yana yaudarar ido, amma a hoton baƙi da fari abin da ya rage shi ne haske da duhu kawai. Idan hannayen sun narke cikin injin a hoton, haka za su narke a ɗaki mai ƙarancin haske.

Abu na biyu shi ne cikar hannun. Wasu kamfanoni, don su ƙara bayyana injin, sukan rarake hannayen su ma, su bar zirin ƙarfe kawai a gefe da gefe. A ganina wannan shi ne kuskure mafi girma a zanen irin wannan agogo, domin an ɗauke abu ɗaya tilo da ido yake kamawa. Ka fifita hannu cikakke, ko wanda aka cike tsakiyarsa da farin sinadarin da ke haske a duhu, ko aƙalla wanda aka yi wa bakinsa launi na daban. Abu na uku kuma tsawo ne: dogon hannu ya kai har kan zanen mintoci da ke gefe, gajeren kuma ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku na tsawon dogon, yadda ba za a taɓa rikita su ba.

Daga ƙarshe a juya agogon zuwa ƙarfe 12 daidai a ga ko hannayen biyu sun haɗu cif a kan alamar, sannan a kai shi ƙarfe 6 a ga ko gajeren hannu ya zauna daidai kan tasa alamar lokacin da dogon yake sama. Idan akwai saɓani, an ɗora hannayen ne da ganganci, kuma wannan yakan nuna yadda aka yi sauran aikin.

Mataki na 5: Zoben sa'o'i da alamunsa

Tun da an cire fuska, alamun sa'o'i suna bukatar wurin zama, kuma yawanci zobe ne ake kewayawa da shi a gefen ciki. Zoben kirki yana da faɗin da zai ɗauki alamu goma sha biyu masu kauri da ƙananan zanen mintoci, launinsa ɗaya ne, kuma alamar ƙarfe 12 ta bambanta da sauran don ido ya san ina ne sama. Royal Oak na kamfanin Audemars Piguet, a samfuransa na ƙwarangwal, ya bi wannan hanya, da zobe a gefe da alamu masu tudu da hannaye masu kauri a kan gadoji masu duhu. Cartier kuwa a Santos na ƙwarangwal ya bi wata hanya daban, inda aka sassaƙa gadojin injin su da kansu suka zama lambobin Rumawa, wato abin da ke riƙe da injin shi ne kuma yake nuna sa'a. Ba na kawo waɗannan sunaye don mai karatu ya je ya saya ba, sai don ya kalli hotunansu ya horar da idonsa, ya san abin da zai nema a agogon da ya yi daidai da aljihunsa.

Gargaɗi: agogon ƙwarangwal yana da zurfi, kuma idan hannayen sun yi nisa da zoben, kallo daga gefe zai sa ka karanta minti ɗaya ko biyu ba daidai ba. Ka gwada kallonsa a karkace, kamar yadda za ka kalle shi hannunka yana kan sitiyari.

Mataki na 6: Fita da shi rana, sannan ka sa shi a duhu

Ka nemi izini ka tsaya a bakin ƙofar shagon. Ranar Zariya a watan Maris da Afrilu ba ta yi wa ƙarfe mai sheƙi sassauci, kuma agogon da kowane lungunsa aka goge ya zama madubi zai kashe maka ido. Inji mai kyau yana haɗa sassa masu sheƙi da sassa masu dishi-dishi, domin hasken ya samu inda zai kwanta. Ka lura da gilashin kuma. Gilashin safaya, wanda taurinsa ya kai 9 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, ya fi gilashi na gama-gari jure karce nesa ba kusa ba, amma yana mayar da haske sosai idan ba a shafa masa abin hana ƙyalli ba. Wanda aka shafa wa yakan nuna ɗan shuɗi-shuɗi idan an karkata shi, kuma idan ka kalle shi kai tsaye sai ka ga kamar babu gilashi. Shafin da aka yi a ciki ya fi daɗewa, na waje kuwa yana karcewa da amfani.

Don gwajin duhu, ka haska fuskar da tocilar waya na kamar rabin minti, sannan ka rufe ta da tafin hannu ko ka sa ta cikin hannun riga ka leƙa. Ya kamata hannayen biyu su yi haske, kuma a iya bambanta su. Yawancin agoguna masu inganci suna amfani da sinadarin Super-LumiNova, wanda yake shan haske ya riƙa sakin sa a hankali. Wanda aka sa wa sinadarin a kan alamun sa'o'i kaɗai aka bar hannaye babu komai ba zai amfane ka da asuba ba.

Mataki na 7: Yanzu ka shiga cikin injin

Sai a wannan gaɓa ne madubin ƙara girma zai fito daga aljihu. Ka ɗora agogon a kan farar takardar don haske ya ratso ta baya, ka fara da gefen gadoji. A aiki mai daraja ana fiƙe kowane gefe a goge shi ya zama siririn layi mai sheƙi mai faɗi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Inda gefe biyu suka haɗu suka yi kusurwa ta ciki, ka tsaya ka duba da kyau: kusurwa mai tsini kamar bakin wuƙa alama ce ta aikin hannu, domin bakin injin sassaƙa zagayayye ne, yana barin kusurwar a lanƙwashe. Wannan ɗan ƙaramin abu yana cikin manyan dalilan da suka raba agogon dala dubu biyu da na dala dubu hamsin. A agogo mai matsakaicin farashi ba za ka samu wannan ba, kuma ba laifi ba ne. Abin da ba za a yafe ba a kowane farashi shi ne gefe mai kaushi, da ɓurɓushin ƙarfe, da ruwan zinariyar da ya fara ɓarewa.

Ka duba kawunan sukurori, ka ga ko tsaginsu a miƙe yake ko an ci masa baki, domin sukurun da aka ci wa baki yana nuna cewa wani ya taɓa buɗe agogon da kayan aikin da ba su dace ba. Ka duba jajayen duwatsun da tayoyi suke juyawa a kansu, waɗanda yakutu ne na haɗi, ka tabbatar babu tsagagge kuma babu man da ya malalo gefensu. Sannan ka nemi ƙura, da zaren tufafi, da shatar yatsa. A agogo mai rufaffiyar fuska waɗannan suna ɓoye, a na ƙwarangwal kuwa ƙwayar ƙura ɗaya za ta zauna a gaban idonka kullum.

Idan agogon mai wana kansa ne da motsin hannu, akwai faifan ƙarfe mai siffar rabin wata a bayansa, kuma idan ba a rarake shi ba zai toshe rabin hasken. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙwarangwal na sosai masu wanin hannu ne, ko kuma an ƙanƙanta faifan. Ka tuna kuma cewa abin da ke bayan agogon idan an ɗaura shi fatarka ce, saboda haka mai gashi a hannu zai riƙa hango gashinsa ta cikin injin. Wasu ba su damu ba, wasu kuma ba sa iya jurewa, kuma gara ka sani tun a shago.

Mataki na 8: Tambayi sunan injin, ka daidaita shi da farashi

Mai sayarwa na gaskiya zai iya gaya maka injin da ke ciki. A agogunan dala ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa, an fi samun Seiko NH70 ko Miyota 8N24, duka biyun na Japan, suna bugu 21,600 a sa'a, suna tafiya kimanin sa'o'i 40 bayan cikakken wani, kuma masu yin su sun yarda za su iya jinkirin daƙiƙa 20 ko gaggawar daƙiƙa 40 a yini. Injina ne masu juriya, kuma kayan gyaransu ba su da wuyar samu. A sama da su akwai na Suwizalan irin Tissot da Hamilton, wajen dala dubu ɗaya zuwa biyu. Santos na ƙwarangwal ya haura dala dubu ashirin, na Audemars Piguet kuma ya fi haka nesa. Ka lissafa da canjin ranar da za ka saya, ka ƙara kuɗin aikowa da na kwastan idan daga waje zai zo.

Idan an ce maka agogon yana da shaidar COSC, wato hukumar Suwizalan mai gwada daidaiton injinan agogo, ma'anarta ita ce an gwada injin an tabbatar matsakaicin kuskurensa bai wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a yini ba, kuma ka nemi a nuna maka takardar.

Gargaɗi: wanda ya miƙo maka agogo mai tsadar gaske irin Richard Mille ko Hublot a kan kuɗin wayar hannu jabu ya miƙo maka, ko da an haɗo shi da akwati da kati. Ba a cinikin biri a sama, saboda haka idan ta intanet za ka saya, ka nemi bidiyon agogon a hasken rana, an juya hannayensa zuwa lokutan da na ambata a mataki na 3, da hoton lambar da ke bayansa, da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Mataki na 9: Ruwa, ƙura da gyara

Ka karanta abin da aka rubuta a bayan agogon game da ruwa. Mita 30 na nufin yayyafi da fantsalar ruwa kawai, kuma yawancin agogunan ƙwarangwal na ado a nan suke tsayawa, don haka a cire shi kafin alwala, a kuma tabbatar maɓallin wani a tushe yake kafin a fita da damina. Idan ka ga raɓa ta taru a cikin gilashi, ka kai shi wurin mai gyara a ranar, domin tsatsa a kan buɗaɗɗen inji ba ta ɓoyuwa kuma ba ta jira. Ka nisanta shi da lasifika da murfin waya mai maganaɗisu, saboda agogon da ya sha maganaɗisu yakan fara gudu da mintoci a yini, ko da yake cire masa shi aiki ne na ɗan lokaci kaɗan ga mai na'urar.

Injin wani yana bukatar wanki da sabon mai kusan duk bayan shekara 5. Ƙwararren mai gyara na gida zai iya yi wa injinan Japan ɗin nan hidima, amma manyan agoguna sau da yawa sai an aika da su wurin kamfanin ko wakilinsa, kuma kuɗin hidimar yana iya kai farashin wani sabon agogo mai matsakaicin daraja, saboda haka a sa wannan cikin lissafi tun kafin saye. Duk wanda zai buɗe maka shi, ka tabbatar yana da rufaffen ɗaki da murfin rufe inji da safar yatsu, kuma kada ka yarda a buɗe shi a kan teburin bakin titi, balle a cikin hunturu tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hazo yake sauke ƙura a kan komai. Bayan an rufe shi, ka sake fito da madubinka da farar takardarka ka duba shi gaba da baya a gaban mai gyaran kafin ka biya.